Shekara Huɗu da Aka Ƙara wa Hamida

Hamida 'yar Bukar mai albasa ta shigo Garwa ne a bayan motar ɗaukar shanu, ita da innarta, a shekarar da mutanen Kolofata suka riƙa tashi gida-gida saboda 'yan bindiga. An kashe ubanta a hanyar kasuwa, an kuma ƙone layinsu gaba ɗaya. Abin da suka fito da shi bai wuce ƙullin zannuwa da tukunya ɗaya ba. Suka sauka a unguwar Pumpumre, gidan Gwaggo Ummi, ƙanwar Bukar, wadda take dafa folere, wato zoɓo, tana ɗurawa a gora ana kai mata kasuwa. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan, shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakin Hamida na ji.

Lokacin tana da shekara goma sha huɗu a lissafin innarta, amma ta riga ta fi yawancin matan unguwar tsawo. Ba ta da surutu. Hannuwanta manya ne, har idan na gwada ta sai na ƙara yadi a hannun riga. Gwaggo Ummi ta sa ta a lekol, wato makarantar boko, ta yi shekara biyu, da jarrabawar fita ta zo aka nemi akta, wato takardar haihuwa, aka tarar ba ta da ita. A gida aka haife ta, ba wanda ya je ya rubuta ta a ofishin gari. Sai ta bar lekol ta koma ɗaukar kular folere.

Da wannan kular ta fara zuwa wani fili na ƙasa da ke bayan makarantar sakandare, inda wata malamar motsa jiki mai suna Albertine take tara 'yan mata da yamma tana koya musu ƙwallo. Madam Albertine 'yar Yagwa ce, Kirista, gajera mai faɗin ƙirji, ta taɓa buga ƙwallo a kudu kafin gwiwa ta hana ta. Tana jin Fulatanci da Hausar kasuwa, in ta yi fushi kuma sai Faransanci. Wata rana ƙwallo ta kufce ta nufo kular Hamida da ƙarfi. Hamida ba ta kauce ba, ta miƙa hannu ɗaya ta tare ta, ta riƙe, ta ajiye a gefe kamar wadda aka miƙa wa kabewa.

Madam ta busa usur ta tsayar da wasa, ta zo ta tsaya gabanta.

"Ke, buɗe hannunki in gani."

Hamida ta buɗe.

"Gobe ki zo ba tare da kula ba."

"Gwaggo ba za ta bari ba, Madam."

"Ina gidanku?"

Sau uku Madam Albertine tana zuwa gidan. Gwaggo Ummi ta ce ita ba za ta ga 'yar wanta da gajeren wando a gaban maza ba. A zuwa na uku Madam ta zo da dogon wando baƙi da riga mai dogon hannu, ta shimfiɗa a kan tabarma, ta ce mai tsaron gida ita kaɗai ce a fili take sa irin wannan, kuma in tana so ta ɗaura kallabi ba mai hana ta. Gwaggo ta juya kayan ta duba, ta dubi innar Hamida. Innar ta ce tun da suka bar gida ba ta ga yarinyar ta nemi wani abu da bakinta ba sai wannan. A haka aka bari. Ni na rage ƙugun wandon na ƙara masa tsawo a ƙafa.

Shekara biyu Hamida ta yi a tsakanin sandunan raga. Da safe ta kai folere kasuwa, da la'asar ta tafi fili, ta dawo gwiwar hannu duk ƙurjewa saboda ƙasar filin tsakuwa ce. Ba ta da safar hannu, sai Madam ta samo mata wata tsohuwa da wani ɗalibi ya yar, na yi mata faci da fatar takalmi. Ƙungiyar tasu ba wata babba ba ce, 'yan mata ashirin ne, rabi 'yan lekol rabi 'yan talla. Amma duk inda suka je, Gidar ko Marwa ko Ngaundere, abin da mutane suke dawowa suna faɗi shi ne doguwar golar nan mai kallabi.

A wata gasar jihohin arewa da aka yi a Marwa, wasan ƙarshe ya kai ga bugun fenariti, Hamida ta tare uku cikin biyar. Cikin 'yan kallo akwai wani mutum mai suna Hervé, wanda aka turo daga Yawunde ya zaɓo 'yan wasa. Ya ce ana shirin gasar ƙasashen Afirka ta Tsakiya ta mata 'yan ƙasa da shekara ashirin, ƙasashe biyar ko shida za su haɗu a wata ƙasa maƙwabciya, kuma ƙungiyar ƙasa tana neman mai tsaron gida. Ya rubuta sunan Hamida da na Larissa, wata 'yar gaba daga ƙungiyar tasu. Ya ce nan da sati shida su iso sansanin horo, kowace da fasfo a hannu.

Ranar da labarin ya iso unguwa, Gwaggo Ummi da kanta ta raba folere kyauta. Mazan da suke yi wa Hamida ba'a a majalisa suka koma cewa 'yarmu ce. Madam Albertine kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta shigo shagona ta zauna a kan benci ta ce da ni, fasfo ba ya samuwa sai da katin ɗan ƙasa, katin ɗan ƙasa kuma sai da akta, wanda ya girma ba akta kuwa sai ya koma kotun yankin da aka haife shi, ya kawo takardar likita mai kimanta shekaru da shaidu biyu da suka san haihuwarsa.

"To ai sai su je," na ce.

"Su je ina? Shaidun suna ina? Mutanen layinsu wasu suna Najeriya, wasu suna sansanin 'yan gudun hijira, wasu suna ƙasa."

Duk da haka suka tafi, Hamida da innarta. Suka sauka a Mora, inda kotun yankinsu take, gidan wata tsohuwar maƙwabciyarsu, wadda ta yarda ta zama shaida ta ɗaya. Ma'aikacin kotu ya yi musu bayani da kyau, ya ce zaman da za a saurari irin wannan magana sai bayan wata biyu, su kawo shaida na biyu, in da hali mutum mai wata takarda a hannu. Innar ta tuna da Malam Abdulhalim, limamin layinsu, wanda yake rubuta duk sunan da ya raɗa a wani littafi da ajami. Aka ce yana raye, yana wani ƙauye a gindin dutse wajen ɗansa. Kwana tara suka yi suna nemansa, a kan babur, a hanyar da sojoji suke tare mutane suna tambayar katin da Hamida ba ta da shi. Suka same shi ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya rufe, amma littafin yana nan cikin jakar fata, shi ne abu ɗaya da ya gudo da shi.

Da ya ji 'yar Bukar ce, ya yi kuka. Ya dafa kanta ya ce, "Ubanki mutumin kirki ne, 'yata. Ko da rarrafe ne zan je."

Ya buɗe littafin yana bi da yatsa har ya sami layin: an raɗa wa 'yar Bukar mai albasa suna, watan Rajab, shekara kaza ta Hijira. Bai rubuta sunan jaririyar ba, haka yake yi, sunan uba kawai yake sawa.

Kafin ranar zaman kotu ta zo, sansanin horo ya buɗe. Madam Albertine ta yi ta buga wa Hervé waya tana roƙon a ɗan jira. Ya jira sati ɗaya, sannan ya ce dole a aika jerin sunaye, an ɗauki wata yarinya daga kudu. Larissa ta tafi ita kaɗai. Madam ta kira Hamida ta gaya mata, ta ce kada ta dawo, ta tsaya ta gama takardar, domin an ce baɗi ma za a sake gasar, kuma baɗi shekararta goma sha tara, tana ciki.

Aka yi zaman kotu da Faransanci, ana fassara musu da Fulatanci. Likitan da ya duba ta tun farko ya dubi tsawonta da haƙoranta ya rubuta tsakanin ashirin da ashirin da uku. Aka tambayi innar shekarar haihuwa, ta ce ita dai ta san shekarar da rijiyar ƙofar gidansu ta rufta ce, da kaka. Tsohuwar maƙwabciya ta ce haka ne. Aka karɓi littafin Malam, aka juya shekarar Hijira zuwa ta bature, aka ga ta yi daidai da takardar likita, aka rubuta. Hamida ba ta fahimci lambobin da ake kira ba, innarta ma haka.

Gasar ta zo ta wuce suna can. A unguwa mun kalli wasa ɗaya a talabijin ɗin mai shayi, muka ga Larissa ta shigo a minti goma na ƙarshe. An ci golar ƙungiyar ƙasa ƙwallo biyu da mutane suka ce Hamida da ƙafa ma za ta tare.

Bayan wata uku Hamida ta dawo da akta a cikin leda, ta rame, ta yi baƙi, amma fuskarta a sake. Kai tsaye fili ta wuce ta miƙa wa Madam. Madam ta karanta, ta sake karantawa, ta ƙirga da yatsu, sannan ta zauna a ƙasa a inda take tsaye.

"Hamida, wa ya ba su wannan shekarar?"

"Littafin Malam ne, Madam. Me ya faru?"

"Takardar nan ta ce shekararki ashirin da biyu."

Suka zo gida tare. Innar tana tankaɗe a tsakar gida, Madam ta yi mata bayani a hankali. Innar ta ajiye rariyar. Can ta ce, "Ruƙayya ce."

Ashe kafin Hamida sun haifi wata 'ya, Ruƙayya, ta rasu tana da wata bakwai. Hamida ta san da ita, amma ba a maganarta a gidan. Ruƙayya ce Malam Abdulhalim ya raɗa wa suna ya rubuta. Shekarar da aka haifi Hamida yana Makka, ƙanensa ne ya yi addu'ar suna, shi kuwa ba ya rubuta komai. Innar ta ce sai yanzu abin ya dawo mata. Ta riƙa bugun cinyarta tana cewa, "Ni na kai ki wajensa, ni na kai ki da ƙafata." Hamida ta riƙe hannuwanta ta ce, "Inna, bari. Ba ke kika rubuta ba."

Madam ba ta haƙura ba. Ta tambayi wani lauya ɗan cocinsu, ya ce ana iya gyarawa, amma sai an koma kotu da hujjar da ta fi ta farko ƙarfi, kuma sai mai littafin ya zo ya ce ya yi kuskure. Aka aika ƙauyen gindin dutse. Ɗan Malam ya aiko da amsa cewa tsohon ya rasu da azumi, ƙanen Malam kuma tun shekarar gudu ba a san inda yake ba. Lauyan ya ƙara da cewa, ko da an yi nasara, 'yar ƙwallon da ta je kotu ta rage shekarunta, ba wanda zai yarda da ita a harkar nan, za a ce ƙarya ce irin wadda aka saba.

Da shekara ta zagayo, Hervé ya buga waya da kansa yana tambayar golarsa. Madam ta karanta masa ranar haihuwar. Ya ce zai yi magana da masu babbar ƙungiyar ƙasa. Ya kuwa cika alkawari. Hamida ta yi katin ɗan ƙasa, ta yi fasfo, aka kira ta sansanin manya, ta hau mota zuwa Ngaundere, ta hau jirgin ƙasa karo na farko a rayuwarta. Kwana goma sha biyu ta yi a Yawunde. Masu tsaron gida huɗu ne a sansanin, biyu daga cikinsu a Turai suke wasa, ita ce ta huɗu. Ta ce ba ta taɓa faɗuwa a kan ciyawa ba sai a can, har ta riƙa jin kamar a kan katifa take. Kocin ya yaba hannunta, ya ce amma ƙafarta ba ta iya raba ƙwallo ba, ba a koya mata da wuri ba. Ya ce da a ce shekararta goma sha tara ce, da sun riƙe ta sun gyara ta, amma mai shekara ashirin da uku ya kamata a ce ta riga ta iya.

"Me kika ce masa?" na tambaye ta da ta dawo.

"Me zan ce, Yaya? Takardar tana kan teburinsa."

Ta ci gaba da zuwa fili wajen shekara biyu bayan haka, amma abin ya riƙa raguwa. Larissa ta sami ƙungiya a kudu ba ta dawo ba. 'Yan mata uku suka yi aure, wasu suka tafi jami'a. Aka yi wa Madam Albertine canjin wurin aiki zuwa wani gari a gabas. Ranar da za ta tafi ta zo ta kawo wa Hamida ƙwallaye huɗu da usur, ta ce ta riƙe yaran. Hamida ta gwada. Sai dai ita ba malamar makaranta ba ce, iyaye ba su sakar mata 'ya'yansu ba, kuma da damina ta wuce aka fara gina sababbin azuzuwa a rabin filin. Daga goma sha biyu suka koma biyar, daga biyar suka koma ita kaɗai tana buga ƙwallo a jikin katanga tana tarewa. Daga baya ita ma ta daina.

A cikin wannan lokaci innarta ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Gwaggo Ummi ta tsufa, ciwon baya ya sa ko bokiti ba ta iya ɗagawa. Hamida ce take ɗaukar innar daga ɗaki zuwa inuwa, daga inuwa zuwa banɗaki, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, sannan ta dafa folere ta fita da shi. Wani mai gyaran babur, Munir, ya nemi aurenta, ita ma tana son sa, amma aikinsa ya koma can garin Kusiri mai nisa, ta ce ba za ta iya barin tsohuwar ba, shi kuma ɗaki ɗaya gare shi a can. Suka rabu ba faɗa. Fasfonta ya cika shekara biyar ya mutu, ba a buga masa hatimin kowace ƙasa ba.

Bara, a watan zafi, aka kawo 'yan ƙasa da shekara ashirin na yanzu su yi atisaye na kwana biyar a Garwa, don su saba da rana kafin wata gasar ta ƙasashen yankin. Hamida ta je bakin filin da kularta, domin duk inda aka taru ana shan folere. A rana ta uku ɗaya daga cikin gololin ta gurɗe, ana son a yi wasan gwaji, ba wanda zai tsaya a raga ta biyu. Hervé yana cikin masu horarwar, ya yi furfura. Ya hango ta ta bayan shingen waya, ya ƙura mata ido, ya taho.

"Ba ke ce ta Marwa ba? Mai fenariti uku?"

"Ni ce, Mushe Hervé."

"Za ki iya tsaya mana minti talatin?"

Ta dubi kularta, ta dubi zanin da ke jikinta. Wata mai sayar da gyaɗa ta ce ta je, za ta kula mata da kayan. Aka ba ta wando da riga da safar hannu sabuwa. Shekara uku rabonta da tsayawa a raga. Minti goma na farko ta tare duk abin da aka bugo, har wata da ta nufi kusurwar sama ta tashi ta doke ta da yatsu, yaran suka tsaya suna tafa mata. Daga nan numfashi ya fara gaza ta. Aka ci ta ɗaya, aka ci ta biyu, ta uku ta wuce ta tsakanin ƙafafunta. Ta gama minti talatin ɗin a tsaye, ta tuɓe safar ta miƙa.

Hervé ya tambaye ta wace ƙungiya take yanzu, ta ce babu. Ya ce in za ta iya zuwa Yawunde ko Duwala ta zauna, zai haɗa ta da wata ƙungiya, mai tsaron gida tana iya kaiwa shekara talatin da biyar tana wasa, amma sai ta yi shekara guda tana horo kullum, kuma ba albashi a farko. Ta ce tana da mara lafiya a gida. Ya ce babu wani da zai riƙe ta? Ta ce babu. Ya rubuta lambarsa a bayan wata takarda ya ba ta, ya ce in hali ya canza ta kira.

Ta dawo unguwa da magariba, kula a kai, tana ɗingishi. Ta tsaya a shagona ta roƙi in zuba mata ruwa a hannu, yatsunta biyu sun kumbura. Na tambaye ta ko za ta kira shi. Ta ce wane hali ne zai canza, in ba mutuwar innarta ba, ita kuwa ba za ta zauna tana jiran wannan ba. Ta ba ni takardar ta ce in ajiye a cikin akwatin zare, kada Gwaggo ta gani ta fara kuka. Daga cikin gida Gwaggo Ummi ta ƙwala mata kira, ta ce tun la'asar tsohuwar take son a juya ta. Hamida ta goge hannu a zani, ta ɗauki kular ta shiga.

Har yau tana nan Pumpumre. Innar tana raye, ba ta samu sauƙi ba kuma ba ta ƙara muni ba. An yi gasar a wata ƙasa, an nuna wasannin a talabijin da rana, lokacin Hamida tana kasuwa.